Ɗan Barga a Gasannin Dawaki na Duniya: Nazarin Aikinsa da Matsayinsa

Gabatarwa

A gasannin da Hukumar Wasannin Dawaki ta Duniya, FEI, ke shiryawa, sunan mahayi da na doki ake shelantawa. Amma wanda ke kwana da dokin, ya bi shi cikin mota da jirgi, shi ne ɗan barga. Wannan nazari ya duba aikinsa ta fuska uku: tafiya, lafiya da doka, domin nuna cewa nauyin da aka ɗora masa ya yi wa matsayin da aka ba shi nisa.

Tafiya

Tsallaka iyaka da doki ya fi tsallakawa da mutum wuya. A shekarar 1956 an yi wasannin Olamfik a Melbourne, amma ɓangaren dawaki sai a Stockholm aka yi shi, saboda tsananin dokar killace dabbobi ta Ostireliya. A 2008 ma an kai shi Hong Kong maimakon Beijing. A gasar Tokyo da aka yi a 2021, an fara killace dawaki da dama a Aachen ta Jamus, sannan aka ɗauke su a jiragen kaya daga Liège ta Beljiyam, aka ya da zango a Dubai, aka sauka Haneda bayan kimanin awa 18. Kowane doki yana da fasfo mai ɗauke da kamanninsa da tarihin rigakafinsa, kuma a hannun ɗan barga yake.

Kujerun mutane a jirgin kaya kaɗan ne. Saboda haka sau da yawa ɗan bargan da ya saba da doki yakan miƙa ragama ga ƙwararrun kamfanin sufuri, bayan ya zayyana musu halin dabbar: mai tsoron ƙara ne, ko mai ƙin baƙon ruwa ne wanda sai an zuba masa ruwan tuffa yake sha.

Lafiya

Babban haɗarin doguwar tafiya shi ne zazzaɓin da ke kama huhu. Doki yana fitar da majina da ƙura daga maƙoshinsa ne idan ya sunkuyar da kai. In aka ɗaure kan sama na awanni masu yawa, ƙwayoyin cuta sai su gangara huhu. Ga kuma ƙarancin ruwa a jiki, wanda ke jawo ciwon ciki, kuma doki ba ya amai balle ya sami sauƙi. Don haka ɗan barga yakan jiƙa ciyawa don rage ƙura, ya sassauta igiya, ya lura da abin da dokin ya sha da irin kashin da ya yi.

Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Sai dai ma'auni yana faɗin abin da ya riga ya faru ne. Wanda ya san dokin yakan ga canji tun daga kunne da ido da ragowar abinci, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Likitan gasa ba shi da wannan ilimin, saboda ranar ya fara ganin dabbar.

Doka

A watan Fabrairun 2021 wata cuta mai yaɗuwa, EHV-1, ta ɓarke a wata gasa a Valencia ta Sifen. Dawaki sun mutu, FEI ta dakatar da gasanni a ƙasashen Turai da dama na tsawon makonni. Daga nan aka wajabta auna zafin kowane doki sau biyu a rana tare da shigar da sakamakon a manhajar hukumar. A aikace, ɗan barga ne ke yin wannan.

Haka batun haramtattun magunguna. A Olamfik ta Athens ta 2004, tawagar Jamus ta rasa zinarenta na tsallake shinge bayan an sami wani sinadari a jikin Goldfever, dokin Ludger Beerbaum, wanda ya fito daga man shafawa na fata. A doka mahayi ne ke ɗaukar alhaki, amma bokiti da buroshi da kwalbar magani duk a barga suke.

Kammalawa

An soma gyara. FEI tana ba da lambar yabo ga gwarzon ɗan barga, wadda Alan Davies, mai kula da shahararren dokin nan Valegro, ya taɓa samu. A 2022 aka kafa ƙungiyar 'yan barga ta duniya, kuma hukumar ta amince da ita. Amma lambar yabo mutum ɗaya ne ke samunta a shekara. Tunda dokokin lafiya da na magani sun dogara ga mutumin da ya yi tuƙin dare kuma ya tashi da asuba, to awannin aikinsa, wurin kwanansa da albashinsa suna cikin abin da ke kare lafiyar doki, kuma ya kamata a rubuta su cikin sharuɗɗan kowace gasa kamar yadda aka rubuta rigakafi.