Lissafin da ya riga ido gani

A 1952 Alan Turing, masanin lissafin nan na Ingila da ya warware saƙonnin sirrin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya tsoma baki a fagen da ba nasa ba. Daga Jami'ar Manchester ya buga maƙala kan yadda ƙwayoyin halitta masu kama ɗaya a cikin ɗan tayi suke rarrabuwa, wasu su zama kai, wasu gaɓoɓi. A lissafinsa, sinadarai biyu da ke cuɗanya suna yaɗuwa, ɗaya ya fi ɗaya sauri, sun isa su fitar da zane inda babu shi. Ya rasu a 1954, masana halittu kuma suka daɗe ba su waiwayi aikin ba.

A 1969 Lewis Wolpert, haifaffen Johannesburg wanda ya fara da aikin injiniya, ya kawo misalin tutar Faransa. Sinadari na fitowa daga gefe guda yana raguwa da nisa, kowace ƙwaya kuma tana gane matsayinta daga yawan da ya iske ta: mai yawa shuɗi, matsakaici fari, kaɗan ja, kamar launukan tutar.

Masanin halittu Francis Crick ne ya ɗora wa batun ma'auni a 1970, kuma a ganina nan ne maganar ta yi nauyi. Yaɗuwa ba ta son nisa: in aka ninka tazara biyu, lokacin da take ci zai ninku huɗu. Saboda haka dabarar ba za ta yi aiki cikin sa'o'i ba sai a tazarar da ba ta wuce milimita ɗaya ko makamancin haka ba. Abin sha'awa, sassan ɗan tayi kusan wannan girman suke a lokacin da ake shata su.

Duk wannan a takarda yake har 1988, lokacin da Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard a Tübingen ta Jamus suka nuna furotin Bicoid a ƙwan ƙudan 'ya'yan itace, mai tsawon kusan rabin milimita. Furotin ɗin ya yi kauri a gaban ƙwan, yana sirancewa zuwa baya. Da suka ƙara yawansa, iyakar kai ta matsa baya.

Sai dai magana ba ta ƙare ba. A 2007 Thomas Gregor da abokan aikinsa a Princeton suka auna saurin yaɗuwar Bicoid, suka same shi ƙasa da abin da lissafin ke buƙata, wasu awon da suka biyo baya kuma suka ba da saurin da ya fi haka.