Tutar Rawaya: Tarihin Masu Mai da Jirgin Iska Gida

A ranar 24 ga Afrilu 1895 wani kyaftin ɗan asalin Nova Scotia mai suna Joshua Slocum ya kwance igiya a Boston, shi kaɗai cikin jirgin katako mai suna Spray, wanda tsawonsa bai cika ƙafa 37 ba. Duk wanda ke kwana yana tashi cikin jirgi mai tafiya da iska a yau, mu da muke dafa abinci a kan murhun da ke lilo, muna wanke kwano da ruwan gishiri, jikokin wannan mutum ne a sana'a. Kafin shi akwai attajirai masu manyan jirage da ma'aikata, akwai kuma 'yan kasada da suka ƙetare Tekun Atlantika don neman suna. Amma a ɗauki ƙaramin jirgi a mai da shi gida, a yi ta yawo da shi shekara da shekaru, wannan daga kansa ya fara. Ba daɗi ne ya kai shi ba. Jiragen tururi sun kashe kasuwar jiragen iska, aiki ya ƙare masa, sai wani abokinsa ya ba shi ruɓaɓɓen jirgi da ke yashe a Fairhaven. Ya yi wata 13 yana sake gina shi da hannunsa, ya kashe dala 553 da 'yan kai. Ya dawo Newport a ranar 27 ga Yuni 1898, bayan ya zaga duniya, tafiyar mil kusan 46,000.

Masu ba da labarinsa sun fi son maganar guguwa da mashigar Magellan. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda yake sauka. Cikin shekara uku da wata biyu da ya yi, kaso mai yawa a tashoshi ya ƙare. Masaukinsa na farko bayan ya ƙetare Atlantika shi ne Horta, a tsibirin Faial na Azores, inda mutanen gari suka cika masa jirgi da 'ya'yan itace. A Jibraltar sojojin ruwan Ingila suka ba shi wurin ɗaure jirgi, suka gyara masa abin da ya lalace. A Ostareliya da Afirka ta Kudu, da kuɗi suka ƙare, sai ya riƙa tara mutane yana ba su labarin tafiyarsa suna biya. Har gaban Paul Kruger, shugaban Transvaal, aka kai shi, mutumin da ya yi imani cewa duniya a shimfiɗe take. Slocum ba shi da rediyo, ba shi da inji, agogonsa ma na gwangwani ne da ya saya dala ɗaya. Abin da ya riƙe shi a raye tsakanin wannan teku da waccan shi ne mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda suka karɓi igiyarsa a bakin gaɓa. Tasha a wurinmu ita ce zango a wurin fatake: nan ake sauke kaya, a yi jinyar dabbobi, a ji labarin hanya, a san wa za a gaisar kafin a nemi ruwa.

Waɗanda suka bi sawunsa a farkon ƙarni na 20 ana iya ƙirga su da yatsu. Harry Pidgeon, Ba'amurke mai ɗaukar hoto, ya gina jirginsa Islander da kansa, ya zaga duniya daga 1921 zuwa 1925. Alain Gerbault, Bafaranshe ɗan wasan tanis, ya yi kwana 101 daga Jibraltar zuwa New York a 1923, filafilansa na ta yagewa yana ɗinkewa, ruwan shansa ya lalace. Daga baya ya tare a tsibiran Polinesiya, ya zama mai sukar abin da mulkin mallaka ke yi wa mutanen wurin, ya rasu a Timor a 1941. Shi ne na farko a cikinmu da ya nuna cewa mai jirgi na iya sauka wuri ya damu da halin da masu wurin ke ciki.

Sai dai duk waɗannan gwanaye ne, ba abin koyi ga talaka ba. Waɗanda suka buɗe ƙofa ga kowa su ne Eric da Susan Hiscock, miji da mata daga Ingila, da suka zaga duniya daga 1952 zuwa 1955 cikin Wanderer III mai tsawon ƙafa 30. Ba abin tashin hankali a labarinsu, kuma wannan ne darajarsa. Sun rubuta yadda ake adana ƙwai da albasa, yadda ake raba gadin dare tsakanin mutum biyu, yadda ake zaɓen lokacin tashi don kauce wa damina mai guguwa. Littattafansu har yanzu suna cikin kantocin jirage da yawa, sun kumbura da laima. A wannan zamanin ne Ann Davison ta zama mace ta farko da ta ƙetare Atlantika ita kaɗai, ta isa Dominika a Janairun 1953 cikin jirgi mai ƙafa 23. A 1954 Humphrey Barton ya kafa Ocean Cruising Club, sharaɗin shiga kuwa shi ne mutum ya yi tafiyar mil 1,000 ba tsayawa cikin ƙaramin jirgi. Ƙungiyar ta naɗa wakilai na sa kai a tashoshin duniya, mutanen da aikinsu kawai su tarbi baƙo, su nuna masa ofishin kwastan da maƙeri da kasuwa. A ganina wannan tsari ya fi duk kofunan tsere amfani.

A lokacin, isa tasha yana nufin wasiƙa. Mutum zai yi wata biyu ba wanda ya san ko yana raye, sai ya sauka ya nufi gidan waya. A Horta kuwa ba gidan waya ake zuwa ba, wani ɗan shagon shaye-shaye da abinci ne a bakin ruwa, Café Sport, wanda iyalin Azevedo suka buɗe a 1918. José Azevedo, wanda wani hafsan Ingila ya laƙaba wa suna Peter a lokacin yaƙin duniya na biyu, ya riƙa fita da kwalekwale yana tarbar jirage, yana ajiye musu wasiƙu, yana canja musu kuɗi. Da sunansa aka san shagon har gobe. A jikin katangar tashar kuma kowane jirgi yakan zana sunansa da fenti kafin ya tashi. Wasu camfi ne ya sa suke yi, wai wanda bai zana ba zai gamu da masifa. Ni dai a matsayin rajista nake kallonta: dubban sunaye, sabo a kan tsoho, gishiri da rana suna share na jiya don na gobe ya sami wuri.

Daga 1960 abubuwa suka fara sauri. Blondie Hasler ya shirya tseren mutum ɗaya-ɗaya daga Plymouth zuwa New York, jirage biyar suka shiga, Francis Chichester ya zo na ɗaya cikin kwana 40. Babban abin da tseren ya bar mana shi ne na'urar tuƙi da iska wadda Hasler ya inganta: wani faifai ne a bayan jirgi, iska na tura shi, shi kuma yana juya akalar jirgin. Ba ya cin wuta, ba ya barci. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari awa huɗu cikin duhu ba, ruwa na dukan fuskarsa, ba zai gane girman wannan kyauta ba. A 1969, a wani tsere daban, Robin Knox-Johnston ya kammala zagayen duniya ba tare da ya tsaya ko'ina ba, kwana 312, shi kaɗai cikin mutum tara da suka fara. Bernard Moitessier, wanda da dama ke ganin yana iya cin tseren, ya ƙi juyawa Turai, ya zarce har Tahiti. A daidai wannan lokaci masana'antu suka koma yin jirage da faiba maimakon katako, farashi ya sauko, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya suka iya sayen jirgi.

Sauran tarihin na injuna ne, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Sekstan, na'urar da ake auna tsayin rana da taurari da ita a gano inda ake, ta koma cikin akwati da GPS ya zo, musamman bayan Mayun 2000 da Amurka ta daina dagula siginar da gangan. Na'urar tace ruwan teku ta raba mu da auna ruwan sha da kofi. Faifan sola ya kawo firji. Akwai abu ɗaya da nake kewa daga tsakiyar wannan zamani: muryar Herb Hilgenberg, wanda ya yi shekara fiye da ashirin yana zama gaban rediyo kowace yamma, yana kiran jirage ɗaya bayan ɗaya yana gaya wa kowa yanayin da ke gabansa, kyauta, har ya daina a 2013. Kowa na jin kowa, don haka kafin ka isa tasha ka riga ka san sunayen maƙwabtanka da damuwarsu. Yau intanet ta tauraron ɗan'adam tana kawo hasashen da ya fi nasa daidai, amma kowa a wayarsa yake karantawa.

A 1986 Jimmy Cornell, ɗan asalin Romaniya da ya yi aiki a BBC, ya ƙirƙiro ayarin ARC. Jirage sama da 200 suka tashi tare daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Barbados, daga 1990 kuma aka mai da masauki Rodney Bay a Saint Lucia. Tafiyar mil 2,700 ce, ana tashi ƙarshen Nuwamba lokacin da kakar guguwa ke ƙarewa, yawancin jirage kan yi kusan mako uku. Iskar da ke tura su ita ce ta arewa maso gabas, 'yar'uwar iskar hunturunmu. Kusa da Kef Bad za ka wayi gari ka ga jar ƙura ta rufe igiyoyi da filafilai, ƙurar Sahara ce, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na Chadi yake tasowa. Tsofaffin hannu sun raina ayarin, suna cewa teku ba wurin tafiyar garke ba ne. Ban yarda da su ba. Ya sa dubban mutane sun duba kayan ceton rai kafin su tashi, kuma wannan ba abin raini ba ne.

Abin da duk wannan ci gaba bai taɓa ba shi ne ranar sauka. Ƙamshin ƙasa kan riga ganinta, ƙamshin hayaƙi da jiƙaƙƙen ganye. Kafin shiga tasha sai ka ɗaga tutar rawaya a gefen dama na jigon jirgi, alamar cewa lafiya kake kuma kana neman izinin shiga. A ƙa'ida kyaftin kaɗai ke sauka, da fasfo na kowa, da takardar rajistar jirgi, da jerin sunayen mutanen ciki, ya bi kwastan da shige da fice da ofishin tasha. Sai an buga hatimi za a sauke rawayar a ɗaga tutar ƙasar da aka zo, don girmamawa. Ƙafafu kan yi ta rawa a kan busasshiyar ƙasa kamar ita ce ke motsi. Daren farko barci ba ya zuwa yadda aka zata, domin jiki ya saba tashi bayan awa uku, kunne kuma yana neman ƙarar ruwa bai ji ba. Washegari aiki ya fara: a wanke gishiri daga kowane ƙarfe, a shanya katifu, a hau jigo a duba wayoyi, a kai filafilai wurin maɗinki, a nemi inda ake cika tukunyar gas da ta dace da bakin taka. Mutanen da suka yi mako uku ba su yi faɗa ba a teku, a makon farko na tasha suke yi, saboda abin da ya haɗa kansu ya wuce, sai lissafin kuɗi ya rage. Jirage da yawa da ake sayarwa da araha a Karibiyan, a wannan makon aka yanke shawarar sayar da su.

Kuma takardu ba ɗaya suke ga kowa ba. Mai fasfon Turai yakan shiga Azores ko Kanari kamar gidansa. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi biza tun kafin ya tashi, ya kuma yi wa ofishin jakadanci bayanin dalilin da ya sa ba shi da tikitin jirgin sama. A ruwan da ayarin ARC ke bi ya nufi yamma don nishaɗi, kwalekwalen katako ne ke tasowa daga Senegal da Muritaniya cike da matasa suna neman Kanari. A 2006 sama da mutum 31,000 suka isa ta wannan hanya, a 2024 sama da 46,000, ban da waɗanda ruwa ya ci. Ba ya halatta mai jirgi ya ratsa wannan teku yana yi kamar bai sani ba, kuma dokar teku ta wajabta masa kai ɗauki ga wanda ke cikin haɗari.

Shekarar 2020 ta tuna mana abin da muka fara mantawa. Annobar korona ta rufe tashoshi, kakar guguwa na ƙaratowa, ɗaruruwan jirage suka taso daga Karibiyan ba su da tabbacin inda za a karɓe su. Horta ta bar su suka jefa anka, ba a yarda su taka ƙasa ba, amma mutanen Café Sport suka riƙa zagayawa da ƙaramin kwalekwale suna kai musu abinci da magani da kayan gyara. Jirage masu na'urori na dubban daloli suka koma matsayin Slocum, suna jiran hannun mutanen gari.

Damuwata da zamaninmu ke nan. Jirgin yau yana yin ruwansa, yana yin wutarsa, yana da intanet ɗinsa, har mai shi na iya yin wata guda a gaban wani ƙauye bai san sunan mai gari ba. Ya jefa anka a kan murjani ko inda masunta ke shimfiɗa raga, ya sauke buhunan shara a tsibirin da ba shi da inda zai kai tasa, ya yi ciniki mai tsanani kan kifin da bai kai kuɗin kofin shayinsa ba. Sakamakon haka wurare da dama sun ƙara kuɗin shiga, sun taƙaita inda ake tsayawa, kuma ban ga laifinsu ba.

Ga duk wanda ke shirin wannan rayuwa, roƙona shi ne ya ba shirin sauka lokaci daidai da wanda ya ba shirin tashi. Ya nemi biza da wuri, ya koyi gaisuwa da harshen wurin, ya tambayi masunta kafin ya jefa anka, ya sayi abinci da aikin hannu daga mutanen gari da farashin mutunci, ya kuma tafi da shararsa idan wurin ba zai iya ɗauka ba.