Ɗoɗɗoya: Shukarta da Amfaninta a Gidan Mai Bi

Ɗoɗɗoya tsiro ce mai ƙamshi da ake shukawa a cikin gida domin girki, shayi da ƙananan magungunan gida. 'Yan'uwanmu Yarabawa suna kiranta efirin, Ibo kuma nchanwu, saboda haka a majami'un Dutse, inda muke sujada tare da mutane daga sassa dabam-dabam na Najeriya, za a ji ana nemanta da sunaye uku. Mun shirya wannan bayani domin iyalai da zumuntar mata a Dutse, Kiyawa, Birnin Kudu, Jahun, Gwaram da kewayensu.

Irinta da danginta

Iri biyu muka fi sani. Akwai ƙarama mai laushin ganye, wadda take fitowa da damina, ta yi fure, ta zubar da iri, ta mutu. Akwai kuma babba, wadda masana tsirrai suke kira Ocimum gratissimum. Ita gindinta yakan zama itace, tsawonta ya kai mita ɗaya zuwa biyu, tana kuma yin shekaru idan tana samun ruwa. A kan babbar za mu fi yin magana.

Ana gane ta da abu uku: karan sabon reshe mai kusurwa huɗu, ganyaye biyu-biyu suna fuskantar juna, da bakin ganye mai haƙora kamar zarto. Ƙamshinta yana fitowa daga wani mai da yake cikin ganyen. A wasu irin, sinadarin da ya fi yawa shi ne wanda yake cikin kanumfari, shi ya sa wata ɗoɗɗoyar take ƙamshin kanumfari idan an murza ta.

Danginta ɗaya da na'ana'a, da kuma wani tsiron Amurka ta Arewa mai suna Monarda, wanda ake shukawa a can domin shayi da jawo ƙudan zuma. Monarda yana son sanyi da ƙasa mai laima, ba zai ji daɗin bazararmu ba. Ɗoɗɗoya kuwa 'yar gida ce, kuma tana yi mana wannan aikin.

Ƙasa da wuri

Sunan jiharmu ma ya faɗi irin ƙasar da muke da ita: jigawa, wato ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa. Ruwan sama kuma daga Yuni zuwa Satumba ne kawai, sauran watanni sai ban-ruwa. Don haka aikin farko shi ne gyaran rami. A haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya da rabi, a cakuɗa ƙasar da aka fitar da ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

A zaɓi inda rana take bugawa da safe, inuwa kuma ta sauka da yamma, kamar gabashin katanga ko gefen inuwar darbejiya. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, kuma tsiron da yake tsakiyar rana yini guda ganyensa yakan ƙanƙance. Wanda yake gidan haya zai iya shuka ta a tsohon bokiti ko buhun siminti, muddin an huda ƙasan domin ruwa ya wuce. Idan ya tashi, sai ya tafi da abinsa.

Yadda ake shuka ta

Hanya ta farko ita ce ta iri. Irin ƙanana ne ƙwarai, saboda haka a gauraya shi da ɗan rairayi, a barbaɗa a kan ƙasa mai laima, a danna da tafin hannu ba tare da an binne shi da zurfi ba. Yakan tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Bayan mako huɗu zuwa shida, sa'ad da ya yi ganye huɗu ko shida, sai a dasa da yamma, a bar tazarar santimita 60 tsakanin gindi da gindi.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi. A yanko reshe mai ƙarfi wanda bai yi fure ba, tsawon kamu ɗaya, a cire ganyen ƙasa, a soka rabinsa cikin ƙasa mai laima a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku zai yi saiwa. Ribar wannan hanya ita ce sabon tsiron zai ɗauko ƙamshin uwarsa daidai.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bayan damina ta kankama. Tsiron da ya kafu kafin kaka shi ne yake tsallake rani.

Kulawa da rani

Da hunturu ban-ruwa sau ɗaya a kwana biyu ya isa. Da bazara kuwa sai kullum, da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Ba sai an sayi jarka dominta ba: ruwan wankin shinkafa, hatsi ko kayan miya ya wadatar. Ruwan da yake da omo ko gishiri kuwa yana kashe ta sannu a hankali. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa domin laima ta daɗe, amma kada ciyawar ta taɓa karan, saboda gara. A kuma kewaye ta da ƙaya ko kara, domin kaji suna tone gindinta, awaki kuma suna karya ta.

Idan ta kai tsawon gwiwa, a tsinke kanta domin ta yi rassa. Idan ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganye, a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Kada a fesa mata maganin ƙwarin wake ko na auduga. Ganye ne da za mu ci, furenta kuma abincin ƙudan zuma ne, waɗanda su ne suke taimakon kabewa, kankana da sauran amfanin gona su yi 'ya'ya.

Ɗiba da ajiya

Ana fara ɗiba bayan wata biyu zuwa uku da dasawa. A yanki kan reshe daidai saman ganye biyu, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na tsiron a lokaci guda. A bar reshe ɗaya ko biyu su yi fure domin iri da ƙudan zuma. Wanda zai ajiye, ya shanya ganyen a inuwa a kan faifai ko tabarma, domin rana tana kwashe ƙamshin. Idan ya bushe, a zuba a kwalba mai murfi.

A kicin

Ana sa ta a farfesun kifi, kaza ko kayan ciki, a miyar agushi, a faten doya da dafa-duka. A yanka ta a zuba dab da sauke tukunya, domin dogon dahuwa yana kashe ƙamshinta. Don shayi, ganye biyar ko shida a kofin tafasasshen ruwa, a rufe na minti biyar.

Magani da iyakarsa

Iyayenmu sun daɗe suna shan ruwanta domin kumburin ciki, suna sirace da ita domin mura, suna turara busasshen ganyen domin korar sauro. Wasu masu bi sukan tambaya ko wannan ya dace da bangaskiyarmu. Littafi Mai Tsarki bai hana magani da tsiro ba. A 2 Sarakuna 20:7, annabi Ishaya ne ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun sarki Hezekiya, Bulus kuma ya ambaci Luka a matsayin likita a Kolosiyawa 4:14. Abin da muke ƙi shi ne haɗa ganye da tsafi, surkulle ko umarnin boka.

Amma akwai iyaka, kuma sakaci da ita yana cin rai:

- Zazzaɓi, musamman ga yaro ko mai ciki, yana bukatar gwajin jini a asibiti a ranar da ya fara. Ɗoɗɗoya ba ta warkar da zazzaɓin cizon sauro, hayaƙinta kuma bai maye gurbin gidan sauro ba.
- Yaron da yake zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a ci gaba da shayar da shi, a kai shi asibiti.
- Yaron da yake jijjiga kada a matsa masa ruwan ganye a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti.
- Kada a ɗiga ruwanta a ido, kunne ko cibiyar jariri. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai yake bukata.
- Mai ciki ta tsaya a kan abin da ake sa wa a miya. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya bar maganin likita saboda ita.

Aikin ikkilisiya

Kula da gona shi ne aikin farko da Allah ya danƙa wa mutum, kamar yadda Farawa 2:15 ta nuna. A Matiyu 23:23 kuma Ubangiji Yesu ya tsauta wa Farisiyawa, waɗanda suke fitar da zakkar na'ana'a, 'yar'uwar ɗoɗɗoya, amma suka yi watsi da adalci, jinƙai da aminci. Saboda haka lambun mai bi bai kamata ya tsaya a tukunyarsa kaɗai ba.

Muna ba zumuntar mata da matasa shawara su dasa gindi biyar ko goma a harabar majami'a da farkon damina, a sa mutum biyu su riƙa ban-ruwa bi da bi. Daga nan za a riƙa yanka wa gwauraye da sababbin ma'aurata reshe, wadda kuma tata ta yi yawa ta ɗaure ƙulli-ƙulli ta kai wa masu gidajen abinci. Maƙwabci ma, Kirista ko Musulmi, in ya yaba ƙamshinta, a yanka masa reshe, a kuma gaya masa yadda ake dasawa da inda amfaninta ya tsaya.