Yadda Koyon Kafa Kamfani Ya Shiga Jami'a



Wannan lacca za ta bi sawun yadda koyon kafa kamfani ya zama fannin karatu a matakin digiri na biyu, domin wanda ke shirin kashe kuɗinsa da shekarunsa a kan irin wannan digiri ya san abin da zai saya.

Makarantun kasuwanci na jami'a sun kafu sosai ne a Amurka. An buɗe ta Wharton a Jami'ar Pennsylvania a 1881, kana a 1908 Jami'ar Harvard ta fara digiri na biyu kan gudanar da kasuwanci, wanda ake kira MBA. A wancan zamani kamfanonin jirgin ƙasa da na ƙarfe da bankuna sun bunƙasa har sun fi ƙarfin idon mutum ɗaya, saboda haka aka bukaci manajoji masu ilmi waɗanda za su riƙe dukiyar wasu. Wato dai yaran gida ake horarwa, ba a ko tunanin maigida zai zauna a aji.

Masanin tattalin arziki Joseph Schumpeter, mutumin Ostiriya, yana cikin waɗanda suka ɗaga darajar mai kafa sana'a. A littafinsa na 1911 ya nuna cewa arzikin ƙasa yana motsawa ne idan wani ya fito da sabon kaya, ko sabuwar hanyar yinsa, ko sabuwar kasuwa. Ya koma koyarwa a Harvard a 1932, amma sai a 1947 Myles Mace ya fara darasi na musamman a can kan tafiyar da sabon kamfani, inda ɗalibai 188 suka shiga. Da yawa daga ɗaliban wancan lokaci sojoji ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati na biya musu kuɗin karatu. Peter Drucker ya buɗe irin wannan darasi a Jami'ar New York a 1953. Duk da haka abin bai yaɗu da sauri ba, domin manyan kamfanoni na ɗaukar ɗalibai da albashi mai tsoka, kuma wanda ya sami inuwa ba ya ɗokin shiga rana.

Al'amarin ya juya a shekarun 1970, lokacin da tsadar man fetur da gogayyar masana'antun Japan suka girgiza manyan kamfanonin Amurka. A 1979 David Birch ya fitar da binciken da ya ce ƙananan kamfanoni ne suka samar da mafi yawan sababbin ayyuka a ƙasar. An yi ta gardama a kan alƙalumansa daga baya, amma maganar ta riga ta shiga kunnen gwamnatoci, jami'o'i kuwa suka shiga buɗe cibiyoyi da kwasa-kwasai.

A nan gida ma ilmin boko ya fara ne da horar da masu yi wa wani aiki. Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya ta samo asali ne daga makarantar akawuna da aka buɗe a 1947, ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dokokin mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni na 1972 da 1977 sun ba 'yan Nijeriya damar sayen hannun jari, sai dai sayen rabo a kamfanin da wani ya gina daban yake da gina shi daga tushe. Sai daga zangon karatu na 2007/2008 aka wajabta darasin dogaro da kai a jami'o'inmu.

Kafin duk wannan, kasuwa na da tata makarantar. Yaro kan bi maigida shekaru, ya koyi ciniki da riƙon amana, sa'an nan a yanka masa jari. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya goge ne a fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja kafin ya shahara a cinikin gyaɗa bayan zuwan jirgin ƙasa. Abin lura shi ne binciken zamani ya dawo kusa da wannan hanya. Saras Sarasvathy ta nazarci gogaggun masu kafa kamfani 27, ta kuma bayyana a 2001 cewa sukan fara ne da abin da ke hannunsu da mutanen da suka sani, suna zuba iya abin da za su jure asararsa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanoni mafi saurin bunƙasa 45 ne.

To, me digirin ke ƙarawa? Yana koyar da abin da kasuwa ba ta cika koyarwa ba: rubuta lissafin shiga da fita yadda banki zai gamsu, sanin dokar kamfani da ta haraji, raba aljihun maigida da asusun kamfani, da shirya wanda zai gaji ragama. Rashin waɗannan ne ya sa muke ganin kasuwanci mai albarka yana watsewa da zarar an raba gado.

Shawarata ga ɗalibi ita ce ya taɓa ciniki tukuna, ya ɗanɗana riba da faɗuwa, sa'an nan ya zo aji da tambayoyin da kasuwa ta ɗora masa. Ma'aikacin da ke tanadin sana'a don bayan ritaya kuwa, kafin ya biya kuɗin rajista ya bincika ko malaman da za su koyar da shi suna da alaƙa da 'yan kasuwa, ko kuma za a tura shi ya zauna da su. Hukumomin jami'a su ma ya kamata su riƙa gayyato attajiran Kantin Kwari da na Dawanau cikin aji, a rubuta abin da suka sani tun suna raye.