Alaƙar Addinin Hindu da Addinan Gargajiya na Afirka: Waiwayen Tarihi Domin Manhajar Al'adu

1.0 Gabatarwa

A yayin bitar sashen al'adu na manhajar Hausa, mun sha cin karo da wata da'awa a kundayen ɗalibai, har ma a bakin wasu malamai, wai bori da sauran addinan gargajiya na Afirka tushensu ɗaya da addinin Hindu. Da yake abin da ya shiga littafin makaranta yakan zama gaskiya a wurin yaro, ya wajaba a tantance wannan magana. Matsayin wannan maƙala shi ne, lalle akwai alaƙa, amma wadda tarihi ya tabbatar ta cuɗanya ce da ta biyo hanyar fatauci da aikin soja da hotuna da sinima. Ba ta tushe ba ce.

2.0 Kamannun da Ake Kafa Hujja da Su

Ba a musun cewa akwai kamanni. Mabiya Hindu suna da ababen bauta masu yawa, kowane da siffarsa da abin da yake so a miƙa masa. Haka iskokin bori suke, irin su Inna da Kure da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, kowane da kalar tufarsa da kiɗansa da dabbar da ake yanka masa. Hindu suna tsarkake kogin Ganga da wasu itatuwa, kamar yadda Maguzawa suke ɗaukar tsamiya da kuka a matsayin mazaunin iskoki. Hawan iska ma sananne ne a bukukuwan ƙauyukan kudancin Indiya. Sai dai ana samun irin waɗannan a tsohuwar Girka da Japan da wurare da dama. Duk al'ummar da rayuwarta ta dogara ga ruwan sama da kogi da daji tana iya isa gare su ba tare da ta koya daga kowa ba. Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ne.

Hujjar harshe ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Akan ce "mata" a Hindi uwa ce, a Hausa kuma matar aure, ko a haɗa sunan Rama da ramar da muke kwaɗo da ita. Wannan dacewa ce kawai. Hausa tana cikin reshen Cadi na dangin harsunan Afro-Asiya, Sanskrit da Hindi suna cikin dangin Indo-Turai, Tamil kuwa na dangin Dirabidiya ne. A shekarun 1970 Shugaban Senegal, Léopold Senghor, ya ƙarfafa binciken dangantakar harsunan Dirabidiya da na Afirka, amma galibin masana kimiyyar harshe ba su gamsu da sakamakon ba, saboda dangantaka tana tabbata ne da daidaiton sauye-sauyen sauti bisa ƙa'ida a kalmomi masu yawa.

3.0 Hanyoyin Cuɗanya na Haƙiƙa

3.1 Hoton Mami Wata

Misali mafi armashi shi ne na Mami Wata, iskar ruwa da ake bauta wa a gabar tekun Afirka ta Yamma. Hoton da ya zama fuskarta, wato mace mai yalwar gashi da macizai a jikinta, ba na wata abar bautar Hindu ba ne. Binciken Henry Drewal ya nuna cewa an fara buga shi a birnin Hamburg na Jamus a shekarun 1880, domin tallar wata mai wasa da macizai. Fatake da ma'aikatan jiragen ruwa suka kawo shi gabar Afirka, inda masu bauta suka ce ai wannan Mami Wata ce. A 1955 wasu 'yan kasuwa a Kumasi suka aika da shi ga kamfanin kalanda na Shree Ram da ke Bombay, aka buga dubban kwafi, aka dawo da su kasuwannin yankin.

Ta wannan ƙofa hotunan ababen bautar Hindu na ainihi suka shigo. A kudancin Togo da Jamhuriyar Benin, masu addinin Vodun suka ga hoton Dattatreya mai kawuna uku da hannuwa shida, suka kira shi Densu, iskan ruwa namiji. Suka zana shi a bangon ɗakunan tsafinsu, suka ɗauki ƙona turare da ɗiga alama a goshi. Dana Rush (1999) ta yi nazarin wannan lamari. Abin lura a nan shi ne, siffa aka aro, ma'anar kuwa ta gida ce. Mai bautar Densu ba ya bukatar sanin littattafan Hindu, domin a wurinsa Indiya wata ƙasa ce ta iskoki masu ƙarfi da ke can ƙetaren teku.

3.2 Gana

A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta kai runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma zuwa Indiya da Bama. Albert Wuaku (2013) ya bayyana yadda labaran da tsofaffin sojojin Gana suka dawo da su, tare da finafinan Indiya, suka kafa wa Indiya suna a matsayin matattarar asiri. A kan wannan shimfiɗa ne wani ɗan ƙasar, wanda aka haifa a 1937, ya tafi Rishikesh neman ilimi. A 1975 aka naɗa shi malamin Hindu da sunan Swami Ghanananda Saraswati, ya jagoranci gidan ibadar Hindu na Afirka a unguwar Odorkor ta birnin Akra har rasuwarsa a 2016. Mafi yawan mabiyan gidan 'yan Gana ne, kuma da yawansu sun karɓi addinin ne da idon gargajiyarsu, wato neman waraka da kariya daga mayu.

3.3 Sidi a Indiya

Ruwan bai gangara gefe guda kawai ba. Al'ummar Sidi ta Indiya jikokin mutanen Afirka ne da suka isa can ta tekun Indiya a matsayin bayi da sojoji da matuƙan jirage. A jihar Gujarat, inda galibinsu Musulmi ne, suna hidimar hubbaren Bava Gor, kuma Hindu ma sukan je neman waraka daga taɓin iska. Rawarsu ta ibada sunanta goma, daga kalmar Suwahili ngoma, wato ganga. Wannan kalma guda, da yake an san hanyar da ta bi, ta fi tarin kalmomi masu kama da juna nauyi a ma'aunin hujja.

4.0 Ƙasar Hausa

Hausawa da yawa sun yi yaƙin Bama, kuma tun daga shekarun 1950 Kwarori masu gidajen sinima suka soma nuna finafinan Indiya a Kano da sauran birane. Finafinai irin su Nagin, na macijiya mai rikiɗa, sun taimaka wajen yaɗa zancen tsafin Indiya. Amma abin da Bahaushe ya ɗauka shi ne karin waƙa da salon labarin soyayya, ba aƙida ba, domin Musulunci ya riga ya kafu shekaru ɗaruruwa. Brian Larkin ya nuna yadda masu bandiri a Kano suka ɗora begen Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin Indiya. Shi kuwa bori, baƙin da ya shigar cikin jerin iskokinsa su ne waɗanda Bahaushe ya zauna da su, kamar Fulani da Gwarawa da Turawa. Wannan ɗabi'a ta karɓar baƙo ita ce ta mayar da Dattatreya Densu a gabar teku.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, muna ba da shawarwari uku. Na farko, kada littafin makaranta ya jingina asalin bori ga Indiya. Yin haka saɓa wa tarihi ne, kuma yana cusa wa ɗalibi tunanin cewa duk abin da ke da tsari a Afirka daga waje ya zo. Na biyu, a manyan azuzuwan sakandare da kwalejojin ilimi, a yi amfani da labarin hoton Mami Wata da na kalmar goma wajen koyar da yadda ake bin sawun aro a al'ada. Na uku, a bayyana wa malamai da iyaye cewa manufar darasin ita ce sanin tarihi, ba kira zuwa ga wani addini ba. Idan ɗalibi ya iya tambayar wa ya kawo abu, yaushe, kuma ta wace hanya, to darasin ya biya bukata.