Motar da ke Naɗe Rufinta: Daga Faransa Zuwa Titunan Gombe

Tambarin zakin Peugeot ba baƙo ba ne a Gombe. Tun da masana'antar Kakuri ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ƙirar 504 ta yi shekara da shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Gombe, Bauchi da Kano. To, wannan kamfani dai shi ne ya fara sayar da motar da rufinta na ƙarfe ke naɗewa da kansa ya shige but, irin wadda jefi-jefi ake hangowa a ayarin ɗaukar amarya.

Wanda ya ƙago dabarar likitan haƙori ne, Bafaranshe mai suna Georges Paulin. Motocin buɗaɗɗen sama na zamaninsa rufin tamfol gare su: sanyi ya shiga, ruwa ya ɗiga, ɓarawo ya sa wuƙa ya farke. Sai ya zana rufin ƙarfe wanda injin lantarki ke ɗagawa ya kwantar a baya. A 1934 aka ɗora shi a kan motocin Peugeot da sunan Eclipse, a 1935 kuma ƙirar 402 ta fito da shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse hanzarin, shi kansa Paulin Jamusawa suka harbe shi a 1942 saboda aikin asiri da yake yi wa Ingila.

Amurkawa sun gwada nasu a 1957 da Ford Skyliner, ƙatuwar mota mai ɗaukar iyali. Injinan lantarki bakwai ke aikin rufin, da waya mai tsawon ƙafa kusan 600. Jama'a sun sha kallo, amma da rufin ya shige but sai wurin kaya ya koma ɗan akwati. Ba a ƙera 50,000 ba aka daina a 1959.

Daga nan maganar ta yi sanyi, sai a 1996, shekarar da aka cire Jihar Gombe daga Bauchi, Mercedes ta farfaɗo da ita da SLK mai kujera biyu. Peugeot ta biyo da 206 CC a 2000, sannan 307 CC a 2003, wadda aka tallata a matsayin mai kujera huɗu sosai. Renault, Volkswagen, Volvo da BMW duk suka rufa baya. Waɗannan ne suka tsufa a Turai, aka loda su a jirgin ruwa, suka iso mana ta Kwatano kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017.

Gaskiya irin wannan mota tana da abin yabo. Idan rufin na rufe, ba ta da maraba da kowace mota: ƙarar titi ba ta damu, sanyin na'ura yana zama, ana iya barin ta a bakin babbar kasuwa ba fargabar reza. A danna maɓalli ɗaya, cikin daƙiƙa 25 but ya buɗe ta baya, gilasai su sauka, rufin ya karye biyu ya kwanta. Yaran unguwa kuwa sai tafi.

Sai dai kujeru huɗun nan akwai magana. Dole rufin da zai lulluɓe layi biyu ya yi tsawo, dole kuma a nema masa makwanci, don haka aka matse kujerun baya. Babban mutum da babbar riga ba zai kai Kumo a can ba sai gwiwarsa ta yi tsami. But ɗin 307 CC lita 350 ne, da an naɗe rufi ya koma kusan 200. Ga nauyin ƙarafan da aka ƙara wa gindinta don kada ta murɗe, wanda ke ƙara shan mai. Ga ta kuma a ƙasa-ƙasa, alhali lungunan Pantami da Bolari bayan ruwan Agusta ba sa raga wa irinta.

Babbar matsalar ita ce yanayi. An yi ta ne don ƙasashen da ake marmarin rana. A nan, wa zai buɗe kansa a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kai 40? Hunturu ya zo da ƙura, ta shige robobin da ke haɗa sassan rufin, rana ta busar da su, damina ta same su a tsattsage. Famfon da ke tura rufin da mai ya fara yoyo, ko ɗaya daga cikin na'urorin da ke gane matsayinsa ta mutu, sai ya tsaya cak a tsakiya. Bakaniken da ya ƙware a 504 da 406 zai duba ya ce, "Alhaji, sai an aiko da kaya daga Legas."

Masu ƙera ta ma sun janye. Volvo ta daina C70 a 2013, Peugeot ta rufe babin 308 CC a 2015, BMW kuma ta koma rufin yadi a 2020 saboda ya fi sauƙin nauyi. Ke nan duk wadda aka gani cikinsu a wurin dillali yau ta kwana biyu, kayan gyaranta kuma ƙara wuya suke yi.

Mai sha'awar saye, kada ka biya sai dillali ya buɗe rufin ya rufe a gabanka sau da dama, sannan ka sa a kwara mata bokitin ruwa kana zaune a ciki.