Madugu Uban Tafiya: Yadda Ayarin Gwanja Ya Tafiyar da Kasuwanci

A duk lokacin da aka zo koyar da ilimin tafiyar da kasuwanci a makarantunmu, sunan da akan fara ambata shi ne na Henri Fayol, wani Bafaranshe da ya yi shekaru talatin yana shugabantar kamfanin haƙar ma'adinai. A littafinsa na 1916 ya kasa aikin shugaban sana'a gida biyar: tsara abin da za a yi, raba aiki, ba da umarni, haɗa kan ma'aikata, da bin diddigi. Ba mu musa wannan ba. Sai dai muna ganin kafin a haifi Fayol, fataken ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da waɗannan ginshiƙai a kan hanyar Gwanja, ko da yake ba su rubuta su a littafi ba.

A ƙarni na 19, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe fataucin goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da rani, ya haye Kwara, ya ratsa Borgu, ya bi ta Yandi har Salaga a ƙasar Gana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci watanni shida, wani lokaci har shekara. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, ga dabbobin kaya kusan yawan haka. To, wa ke tafiyar da wannan taro?

Madugu ne. Aikinsa na farko tsari. Tun kafin a ɗaure kaya ya san hanyar da ke da lafiya, da inda ake samun ruwa da ciyawa, da abin da ake nema a can: kanwa, turkuɗi, jar fata, busasshiyar albasa. Kuskure ɗaya a nan kan jawo damina ta riski ayari a daji, koguna su cika, goro ya ruɓe.

Na biyu, raba aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jagaba na gaba yana duba hanya da zango. Uban dawaki na kula da tara kuɗin fito da abin da za a ba sarakunan hanya. Malamin ayari na duba ranar tashi, yana jan salla, yana rubuta abin da ke buƙatar rubutu. Kowane falke kuma na da yaransa masu kora jakuna. A can masauƙi akwai fatoma mai ba da ɗaki da ajiya, da dillali mai haɗa ciniki ya karɓi la'ada.

Umarni da haɗin kai su ne suka fi wuya. Dukiyar da ke cikin ayari ba ta madugu ba ce shi kaɗai. Kowa da jarinsa. Saboda haka ba da bulala yake mulki ba, da amana ne da sanin hanya. Madugun da ya ci amana bana, baɗi ba mai bin sa.

Bin diddigi kuwa, goro da kansa ya koya musu. Dole a riƙa kwance huhu a kan hanya, a tsince wanda ya lalace, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Wanda ya yi sakaci, ƙwaya ɗaya ta ɓata masa saura.

Wannan tsari ya gamu da sauyin zamani. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Fatake da yawa suka durƙushe, amma wasu suka ɗauki ilimin ayari suka zuba shi a sabon mazubi. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, ya koma ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, daga baya ya shiga sayen gyaɗa, ya baza yaransa a ƙauyuka da kuɗin ciniki. A 1929 ya kai kuɗinsa banki a Kano. Kafin rasuwarsa a 1955 ya hori 'ya'yansa da su riƙe kamfanin tare. Abin da ya ƙara a kan na magabata shi ne akawu da littafin lissafi, da shirya wanda zai gaje shi. Rashin waɗannan biyun ne ya sa dukiyar attajirai da dama ta bi masu ita kabari.

Me ya kawo wannan magana cikin mujallar marubuta? Dalili biyu. Na farko, da yawa daga cikinmu da kuɗin aljihunmu muke buga littafi, mu raba wa masu shago bashi ba tare da rubuta ko kwafi nawa muka bayar ba, sannan mu ce kasuwa ta mutu. Madugun da ya yi haka ba zai kai Kwara ba. Na biyu, tsofaffin da suka ji labarin Gwanja daga bakin kakanninsu suna ƙarewa. Mu je Madobi da Bebeji da Gummi da alƙalami da takarda tun suna raye. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.